Yadda Ake Ɗaukar Hoton Kek da Burodi a Gida

Kyan hoton kek ko burodi daga haske yake farawa, tsadar waya na biye ne daga baya. Don haka matakin farko shi ne a ja ƙaramin teburi kusa da taga, yadda hasken zai sauka a kan abincin ta gefe ko ta ɗan baya. Hasken gefe ne ke fito da ƙananan ramukan cikin burodi da gautsin cincin, domin yana barin 'yar inuwa a kowane lungu. Filashar waya kuwa ta gaba take bugowa, ta share inuwar kaf, sai kek ya fito tamkar roba.

Ana kashe ƙwan lantarkin ɗakin kafin a fara. Zafin launin hasken rana ya kai kimanin kelbin 5,500, na ƙwan lantarki mai ruwan ɗorawa kuma kimanin 2,700, kuma idan suka gauraya, farin kirim kan yi rawaya ta nan, ya yi shuɗi-shuɗi ta can. In rana ta yi tsanani, farin labule mara kauri zai tausasa ta. Hazon hunturu ma yakan yi wannan aikin, sai dai a rufe abincin saboda ƙura. A gefen da ya yi duhu, ana jingina farin kwali don ya mayar da haske.

Siffar abincin ce ke nuna inda za a riƙe waya. Abu mai faɗi, irin biskit, gurasa ko alkaki a faifai, daga sama ake ɗaukarsa. Kek mai hawa-hawa kuwa sai an sauko daidai tsayinsa, a yanke yanki ɗaya domin cikinsa ya bayyana. Wuƙar da aka tsoma a ruwan zafi aka goge ta fi yin yanka mai tsabta. Kirim ɗin bota ba ya jure zafi, saboda haka ana gama shirya wurin da faranti wayam, sannan a fito da kek daga firji.

Faranti mai ƙyalli da leda mai zane suna janye ido daga abincin. Akushi, tabarma ko katakon da ba a shafa wa fenti ba sun fi dacewa, kuma kayan ado biyu sun wadatar.

Saura wayar kanta. Ana goge gilashin kyamara, domin hannun mai gashi ba ya rabo da maiƙo. A taɓa allon a daidai inda ake son ya fito sarai, a ɗan ja baya kada gefen faranti ya lanƙwashe. Wajen gyara da manhaja irin Snapseed, ana daidaita haske ne har farin faranti ya zama fari, a bar launin gashin yadda ya fito daga tanda.