Yadda Haske Ke Raya Ɗaki a Zanen Kwamfuta

Wannan 'yar maƙala za ta yi tsokaci ne a kan abin da na koya lokacin da nake ƙoƙarin sake gina wani ɗaki a cikin kwamfuta. Ɗakin na wani dattijo ne a unguwar Sabo ta Ibadan, wanda a bakinsa na fara jin Hausa ina yaro. An rushe gidan, kuma ba ni da hotonsa ko ɗaya.

Na yi amfani da manhajar Blender, wadda kyauta ce tun 2002. Cikin mako guda na gama bango da tabarma da buta da allunan da ke jingine. Amma da na fitar da hoton, sai ya fito fayau kamar ɗakin asibiti. Komai yana nan, ɗakin ne dai babu. Laifina shi ne na rataya fitila guda fara a tsakiyar rufi, ta haske ko'ina daidai wa daida.

Abu na farko da na gyara shi ne mafitar hasken. Na tambayi kaina, ta ina rana take shiga ɗakin nan da la'asar? Ta wata 'yar taga ce da ƙofa mai labule. Sai na kashe fitilar, na bar rana ta shigo ta nan kawai. Nan take lunguna suka yi duhu. A da ina tsoron duhu a hoto, ashe shi ne rabin aikin.

Sai launi. Ana auna launin haske da ma'aunin Kelbin: harshen kyandir wajen 1,900, ƙwan lantarki irin na da wajen 2,700, hasken rana tsaka kuwa wajen 5,500. Abin mamaki, ƙaramar lamba ita ce ja-ja mai ɗumi, babba kuma tana karkata zuwa shuɗi. Don yanayin dare na sa fitilar ƙwai kusa da launin kyandir. A lura, idan aka ninka nisan abu daga fitila, hasken da ke isa gare shi kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai, shi ya sa wanda ke bakin ƙofa sai dai a ji muryarsa.

Amma abin da ya fi burge ni shi ne dawowar haske. Haske ba ya tsayawa inda ya sauka, yakan dawo ɗauke da launin abin da ya taɓa. Masana a Jami'ar Cornell ta Amurka sun nuna haka a kwamfuta tun 1984, da wani akwati mai bangaye masu launi. Injin Cycles, wanda aka saka wa Blender a 2011, yana lissafa wannan da kansa. Da na mai da bangon jan ƙasa, sai farar rigar da na rataya ta ɗan yi ja, kamar dai yadda na san ta.

Wannan hanya tana da tsada. Ƙaramar taga tana sa hoto ya yi tsaki-tsaki, sai an ƙara yawan lissafi kafin ya washe. Kwamfutata ta kwana tana aiki, aka ɗauke wuta da asuba, na sake daga farko.

Daga baya na zuba 'yar ƙura a iskar ɗakin don tsinken rana ya fito. Da na nuna wa jikan dattijon, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce butar ba a nan take zama ba, a bayan ƙofa take.