Jirgin Ruwa da Wutar Tudu

Yawancinmu a Suleja ba mu taɓa ganin teku ba, balle jirgin da ke ratsa ta. Amma tun da za a ba mu yara mu koya musu labarin ƙasa, ina ganin ya kamata mu san wani abu game da zaman jirgi a tasha.

Mutum zai zaci in jirgi ya iso Apapa, a Ikko, aka ɗaure shi, shi ke nan ya huta. Ba haka ba ne. Babban injin da ke tura shi ne kaɗai ya ke tsayawa. Jirgi kuwa kamar ƙaramin gari ya ke: akwai fitilu, da madafa, da famfunan ruwa, da akwatunan sanyi cike da kifi ko magani waɗanda in wuta ta ɗauke sai su lalace. Saboda haka ƙananan injuna na ba da wuta ba su barci, dare da rana suna ƙona mai, wani lokaci kwana da kwanaki. Hayaƙin nan ba a tsakiyar teku ya ke tashi ba. A kan 'yan dako da mutanen unguwa ya ke sauka, yana kawo tari da ciwon ƙirji.

Dabarar da aka samo mai sauƙin faɗi ce. A jawo waya mai kauri daga tudu, a haɗa ta da jirgi, sa'an nan a kashe injunan. Sunan da matuƙan Ingila su ke kiran wannan abu ma'anarsa sanyaya ƙarfe, watau tun zamanin jiragen kwal, in an kashe wuta sai ƙarfen injin ya huce. Tashar Gotenbag ta ƙasar Suwidin ta soma ba manyan jiragen kaya wuta mai ƙarfi a 2000. Juno, a Alaska ta Amurka, ta bi a 2001 don jiragen 'yan yawon buɗe ido, Los Anjalis kuma a 2004. Tarayyar Turai ma ta yi doka, daga 2030 tilas manyan jiragen kwantena da na fasinja su sha wutar tudu a manyan tashoshinta.

To, aikin fa ba sauƙi kamar faɗin. Wutar lantarki ba miƙewa ta ke yi kamar ruwa a rariya ba, kai da komowa ta ke yi. Tamu ta Nijeriya, kamar ta Ingila, sau 50 ta ke kai da komo a daƙiƙa guda. Yawancin manyan jirage kuwa an shirya su don mai sau 60, irin ta Amurka. In aka ba injin mai son 60 wutar 50, sai gudunsa ya ragu da kashi ɗaya cikin shida. Ga lissafi mai kyau na ba 'yan aji shida! Don haka sai an kafa na'ura mai tsada a tasha wadda ke sauya bugun, da taransfoma mai daidaita ƙarfin ya zama bolt 6,600 ko 11,000. Kuma ba a kashe injin jirgi sai bugunsa da na tudu sun yi daidai, kamar makaɗa biyu da suka haɗa hannu, don kada fitila ko ɗaya ta ƙyafta.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne asalin wutar. In tashar ta ja ta daga gidan wuta mai ƙona kwal, an rage wa 'yan dako hayaƙi, amma an kai wa waɗansu. Abin da ya taimaki Juno shi ne wutarta daga ruwa ta ke. Nan ne maganar ta iso gida. Madatsar Kainji, wadda aka gama a 1968, da ta Shiroro a kan kogin Kaduna, ta 1990, da ta Zungeru, duk a Jihar Neja su ke. Muna kuma da tasha a Baro, bakin Kwara, inda jiragen ruwa suka riƙa sauke kaya a dā, sa'ad da aka soma shimfiɗa dogo daga can a 1907, ya isa Kano a 1911. Shugaba Buhari ya buɗe sabuwar tashar a Janairun 2019, ko da ya ke ba ta sami cinikin da aka yi tsammani ba a shekarun da suka biyo, don rashin kyan hanya da ƙarancin ruwa da rani. Jiragen kogi ƙanana ne, wutar da za su sha ba ta kai ta jirgin teku ba ko kusa, ba su kuma bukatar duk waɗancan na'urori.

Sai dai kyaftin ba zai kashe injinsa ba sai ya amince wutar tudu ba za ta ɗauke ba. Mu da mu ke jin janareto yana ruri a kowane lungu na kasuwar Suleja mun san dalilinsa. Mai shagon ƙanƙara da kyaftin lissafinsu ɗaya ne, kuma daga wannan shago ni zan soma darasin in na shiga aji.