Renon Ɗan Kwikwiyo a Gidan Gona

Yerimaram tana cikin Ƙaramar Hukumar Potiskum ta Jihar Yobe, ƙasar noma da kiwo, kusa da kasuwar shanun da ake lissafawa cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma. A irin wannan wuri, kuma haka yake a ƙauyuka da yawa na ƙasar nan, dukiyar maigida tana kwana a turke ne da cikin rumbu. Shi ya sa mutane ke neman ƙaton kare mai kuzari don gadi. Malaman fikihu sun halatta ajiye kare saboda tsaron gona, ko garke, ko farauta. Amma wanda ya ajiye shi ya ɗauki nauyin cinsa da lafiyarsa, da kuma duk ɓarnar da ya yi wa maƙwabci.

Abin da ya kamata mai karatu ya fara sani shi ne, halin kare yana kafuwa tun yana ɗan kwikwiyo. Kada a raba shi da uwarsa kafin ya cika mako 8. Daga nan zuwa wata 3 shi ne lokacin da yake karɓar abin da aka nuna masa ba tare da tsoro ba. To, a cikin waɗannan makonni ne za a riƙa kai shi wurin awaki da tumaki da kaji, yana ɗaure da igiya a hannun babba. In ya zauna shiru, a ba shi ɗan abin taɓawa, a shafa kansa. In ya zabura zai bi ɗan tsako, a ja igiyar nan take, a ce masa "bari" da murya ɗaya. Kwikwiyon da aka ƙyale yana korar zabi ana dariya, ranar da ya girma ɗan akuya zai kama, kuma ba lalle ya zama na gidan ba.

Akwai wata al'ada da ya wajaba a daina. Wasu sukan ɗaure kwikwiyo da sarƙa dare da rana, su bar shi da yunwa, su riƙa dukansa, wai don ya yi zafi. Zafi kam zai yi, amma ba zai bambanta ɓarawo da almajirin da ya zo bara ba, ko yarinyar da ta kawo tallan nono. Kare mai ƙarfi yana bukatar inda zai zubar da ƙarfinsa. A fita da shi gona da safe da yamma, a koya masa amsa sunansa, da zuwa in an kira, da zama. Minti 5 zuwa 10 sun isa darasi ɗaya, kuma mutanen gida duka su riƙa amfani da kalmomi iri ɗaya, don kada a rikita shi.

Game da abinci, a ba shi sau 4 a rana har ya kai wata 3, sau 3 har wata 6, sa'an nan sau 2. Ƙanzo da ragowar tuwo kaɗai ba su gina jiki. A haɗa da dafaffen nama ko kifi ko ƙwai. Kada a ba shi dafaffen ƙashin kaza ko albasa. Ruwa da inuwa kuwa, duk wanda ya san bazarar Potiskum ba sai an tuna masa ba. A duba kunnuwansa da tsakanin yatsunsa saboda kaska, a kuma nemi maganin tsutsar ciki wurin malamin dabbobi.

Babban al'amari shi ne cutar haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana kashe kimanin mutum 59,000 kowace shekara, akasari a Afirka da Asiya, kuma wajen kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunta sun bayyana ga mutum, da wuya ƙwarai ya tashi. Alhali kuwa rigakafinta ya daɗe: tun 1885 Louis Pasteur ya yi wa wani yaro allurar a Faransa, ya tsira. A nan gida, Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana sarrafa allurar karnuka. Da kwikwiyo ya cika wata 3, a kai shi asibitin dabbobi a yi masa, a karɓi takardar shaida a adana, a kuma maimaita a lokacin da likita ya rubuta. Rigakafin gida ɗaya bai isa ba. Masana sun nuna sai an yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki cutar take daina yawo, saboda haka masu unguwanni da dagatai suna da aiki a nan.

In kare ya ciji mutum ko ya yakushe shi, ko da kwikwiyon gida ne cikin wasa, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15. Kada a tsaya shafa toka ko sassaƙe, a garzaya asibiti a ranar. Shi kuwa karen, a killace shi kwana 10 ana ba shi abinci da ruwa, a sanar da malamin dabbobi. In ya mutu a cikin kwanakin, kada kowa ya taɓa gawar da hannu. Ma'aikata ne za su ɗauki abin da za a aika don gwaji.