Ɗaya ga Biyu ko Ɗaya Cikin Biyu? Darasin Kaso Daga Audugar Daudawa

Gabatarwa

Duk shekara idan na zauna duba takardun jarrabawar ɗaliban ajin farko, akwai wani kuskure da ba na rasa cin karo da shi. Ɗalibi zai ga an rubuta 3:1, sai ya ce ai ɗaya cikin uku ke nan. Ya san darasin, ya ma haddace shi, amma kalma ta kayar da shi. Dalili kuwa shi ne, da Ingilishi ake rubuta mana littattafan kimiyya, kuma harshen yana da kalmomi huɗu masu kama da juna: "ratio", "proportion", "fraction" da "percentage". Mu kuwa sai mu tattara su duka mu kira su "kashi". Manufar wannan darasi ita ce a rarrabe su, kuma da auduga za mu fara.

Auduga da angurya

Garin Daudawa, a Ƙaramar Hukumar Faskari ta Jihar Katsina, ya daɗe da yin suna wajen noman auduga. Tun a shekarun 1920 Turawan mulkin mallaka suka kafa gonar iri a can, inda ake yawaita ingantaccen iri kafin a raba wa manoma. Abin da masu gurza a Funtuwa suka fi damuwa da shi kuwa, shi ne yawan zallar audugar da za ta rage bayan an cire angurya.

Mu ɗauki misali. Manomi ya kawo kilo 90 na audugar da ba a gurza ba. Bisa al'ada abin da ake samu bai yi nisa da kilo 30 na zallar auduga da kilo 60 na angurya ba. To, ana iya faɗin wannan ta hanya biyu.

Hanya ta farko, a gwada sashe da ɗan'uwansa sashe, wato auduga 30 da angurya 60. Duk kilo ɗaya na auduga yana tare da kilo biyu na angurya. Wannan shi ne "ratio", ana rubuta shi 1:2, mu kuma sai mu karanta "ɗaya ga biyu". Bari mu kira shi gwaji.

Hanya ta biyu, a gwada sashe da dukkan abin, wato auduga 30 cikin kilo 90. Wannan shi ne "proportion", wato kaso, kuma a nan ɗaya cikin uku ne. Idan aka rubuta kason da lamba bisa lamba, kamar 1/3, ya zama "fraction". Idan kuwa aka auna shi da ɗari, ya zama "percentage", wato kimanin kashi 33 cikin ɗari.

Mai karatu ya lura: buhu ɗaya ne, auduga ɗaya ce, amma gwajin 1:2 ne, kason kuwa 1/3. Wanda ya ɗauki 1:2 a matsayin rabi, zai sa ran kilo 45, ya tarar da 30. Ƙa'idar mai sauƙi ce: a haɗa lambobin gwajin, jimlarsu ita ce za ta zauna a ƙasa. Ɗaya da biyu uku ne, saboda haka auduga sulusi ce.

Hausa ba ta rasa kalmomin kaso ba. Muna da rabi, sannan mun aro sulusi, rubu'i, humusi, sudusi, sumuni da ushiri daga Larabci, ta hanyar rabon gado da fitar da zakka. Manomin da ya fitar da dami ɗaya cikin goma, ushiri ya bayar. Gwajin abin da ya bayar da abin da ya rage masa kuwa 1:9 ne. Dukkan waɗannan kalmomi na kaso ne. Wajen gwaji ne muke da ƙarancin kalma, shi ya sa ruɗanin yake shigowa.

Ƙari cikin ɗari

Akwai wani tarko kuma. A ce masana a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru sun fito da irin da ke ba da kashi 36 cikin ɗari na zallar auduga, alhali tsohon iri 33 yake bayarwa. Tazarar lambobin 3 ce kawai. Amma audugar da mai gurza zai samu ta ƙaru da 3 cikin 33, wato kimanin kashi 9 cikin ɗari. A kullum a tambaya: kashi cikin ɗari na mene ne?

Haka abin yake a buhun takin zamani. Lambobin 15-15-15 da ke jikin buhun kamfa kaso ne cikin ɗari, don haka buhu mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 7.5 na sinadarin naitirojin. Yuriya kuwa kashi 46 cikin ɗari ce, wato kilo 23 a buhu. Ashe sai an haɗa buhun kamfa uku kafin a kusanci naitirojin ɗin buhun yuriya guda, ko da yake kamfa tana da wasu sinadarai biyu da yuriya ba ta da su.

Daga gona zuwa gidan aure

Yanzu mu koma ga 3:1 ɗin da ke kayar da ɗalibai. A shekarar 1865, a garin Brno da ke Jamhuriyar Cek ta yau, Gregor Mendel ya gabatar da sakamakon binciken da ya yi kan wani nau'in wake. Ya haɗa dogon iri da gajere, 'ya'yan farko duk suka fito dogaye. Da ya shuka jikokin, sai ya sami dogaye 787 da gajeru 277. Gwajin ya kusa uku ga ɗaya. Amma jimlar tsirran 1,064 ce, don haka gajerun rubu'i ne, ba sulusi ba.

Wannan ƙa'ida ce ke aiki a gadon ciwon sikila, wato amosanin jini. Idan miji da mata duk masu jinin AS ne, gwajin 'ya'yan da ake tsammani shi ne 1:2:1, wato AA ɗaya, AS biyu, SS ɗaya. Jimla huɗu. Ke nan yiwuwar haihuwar mai SS ɗaya ce cikin huɗu. Sai dai a kiyaye: wannan rubu'in yana kan kowane ciki ne, ba kan gidan gaba ɗaya ba. Ba a cewa tun da na fari ya zo da ciwon, uku masu biyo shi sun tsira. Kowane ciki sabon lissafi ne. Ma'aikacin lafiya da ya kasa bayyana wannan ga masu neman aure, ya bar su cikin duhu ko da an yi gwajin jinin.

Kammalawa

Duk inda mai karatu ya gamu da lambobi biyu an jera su, ya tsaya ya tambayi kansa: sashe ake gwadawa da sashe, ko kuwa sashe da dukkan abin? Idan na farko ne, ya ce "ga". Idan na biyu ne, ya ce "cikin". Waɗannan ƙananan kalmomi biyu sun isa su raba gardamar.

Aikin gida

1. An gurza kilo 150 na auduga, aka sami angurya kilo 100. Rubuta gwajin auduga ga angurya, sannan ka faɗi kason audugar.
2. Buhun taki mai kilo 50 yana ɗauke da lambobin 20-10-10. Kilo nawa ne naitirojin a cikinsa?
3. A wani garke gwajin raguna ga tumaki 1:4 ne. Kashi nawa cikin ɗari ne ragunan?