Amsoshin Tambayoyinku: Maganin Santsi a Jirgin Ruwa na Katako

Wani mai sauraronmu daga Yawuri, mai jirgin fito a kogin Neja, yana tambayar irin fentin da zai shafa wa daɓen jirginsa ya daina santsi, kuma ya daɗe bai ɓare ba.

To malam, da farko ka bar katakon ya bushe sarai, domin fenti ba ya zama a kan danshi. Ka goge shi da samfefa, sannan ka shafa fentin mai irin na jiragen ruwa. Tun yana ɗanye ka barbaɗa masa yashi wankakke, busasshe, wanda aka tankaɗe da rariya. Washegari ka share wanda bai kama ba, ka ƙara shafi ɗaya ko biyu a kai. Yashin nan shi ke riƙe tafin ƙafa.

Baƙin mai kuwa, don Allah kar ka kusance shi. Santsi yake ƙarawa, ga gurɓata ruwa. Ka zaɓi launi mai haske saboda fasinjojin da ke shiga ba takalmi da tsakar rana, kuma duk shekara ka sabunta wuraren da aka fi takawa.