IYAYE MATA: ME AKE NUFI DA KASHI 75 CIKIN 100?

Ku matan Talata Mafara da Bakura da Maradun, ku saurara.

Da damina ma'aikatan lafiya kan bi gida gida suna ba yara 'yan wata 3 zuwa shekara 5 maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro. A 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda da shi, bayan gwaji ya nuna yana rage kamuwa da wajen kashi 75 cikin 100.

Wata za ta ce, "Ai ɗan maƙwabciyata ya sha, amma ya kwanta." Gaskiya ne. Ba a auna magani da yaro guda, sai da taro.

Ga misali. A ce unguwa biyu, kowace da yara 100. Ta farko ba a sha ba, yara 40 suka kwanta. Ta biyu an sha, 10 suka kwanta. Watau cikin 40 ɗin da za su kamu, 30 sun tsira. Lissafin ke nan. Su waɗannan 30 ba mai ganinsu a asibiti, suna can suna wasa, shi ya sa ba a ba da labarinsu.

Amma fa sai an cika kwana 3 kowane wata. Ranar farko a gaban ma'aikaci, sauran kwana biyu a hannunki suke.

Ruwan Bakolori yana kwance a gonaki har da rani, saboda haka a ɗaura gidan sauro kullum. In jikin yaro ya yi zafi, ko ya sha rigakafi, kawo shi a gwada jininsa ran nan.