Lexus NX ko Honda HR-V?

Tambaya: Wani ma'aikaci daga Kano ya rubuto cewa ransa na kan Lexus NX 200t, amma idan ya saye ta, ajiyarsa za ta ƙare ƙarƙaf. Honda HR-V kuwa za ta bar masa canji.

Amsa: Malam, Allah ya sanya alheri. Lexus mota ce mai daɗin zama da ƙarko, sai dai injinta mai lita 2.0 yana da turbo, yana son man fetur mai kyau da baƙin mai na asali a kan lokaci. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, wannan ba ƙaramin nauyi ba ne ga mai albashi.

HR-V ta 2016 injinta lita 1.8 ne, ba ta shan mai sosai. Lagonta giyar CVT: kada bakanike ya zuba mata kowane irin mai sai nata.

Kafin ka biya, ka leƙa Ƙofar Ruwa ka tambayi farashin kayan gyaran kowacce, ka kuma tabbatar da takardun kwastam. Tunda Lexus za ta cinye ajiyarka, Malam, ɗauki HR-V.